Ƙanzon Kurege da Kayan Nesa

Kalmar da masu magana da Ingilishi suke jifan zance da ita idan sun ga ya yi hannun riga da gaskiya, wato "far-fetched", asalinta kalmar fatake ce, domin a ƙarni na 16 ma'anarta ba ta wuce hajar da aka ɗauko daga wata ƙasa mai nisa ba, irin kayan yaji da alharinin da Turawan wancan zamani suke tsallaka teku su sayo, har suna da karin maganar da ke nuna cewa abin da aka ɗauko daga nesa aka saya da tsada shi ya dace da matan manya. Sannu a hankali kalmar ta bar kasuwa ta koma zauren muhawara, ta zama sunan hujjar da mai ita ya sha doguwar tafiya kafin ya samo ta, alhali da tana da ƙwari da a bakin ƙofa zai tsince ta. Ba ita kaɗai ce ta bi wannan hanya ba. Kalmar "outlandish", wadda a yau ake faɗa wa shiga ko ra'ayin da ya fita daga tsari, a tsohon Ingilishi tana nufin mutumin wata ƙasa ne kawai, kuma "strange" ta biyo ta Faransanci daga wata kalmar Latin mai ma'anar na waje, yayin da "eccentric", wadda ake kiran mai bauɗaɗɗen hali da ita, ta fito daga bakin masu ilimin taurari da suke bayanin da'irar da ta kauce wa tsakiya. A cikin kowace daga cikinsu akwai mai magana da yake zaune a cibiya yana auna abu da ratar da ke tsakaninsu.

Ita kuwa "bizarre" ta shiga Ingilishi daga Faransanci a ƙarni na 17, Faransawa kuma sun aro ta daga Italiyanci, inda take nufin mutum mai zafin rai da saurin hasala, daga nan ma'anar ta gangara zuwa mai halin da ba a iya kintatarsa, sannan ta tsaya a kan duk abin da ido ya gani ya kasa ajiye shi a wani gurbi da ya sani. An daɗe ana jingina ta ga kalmar gemu a harshen Baskawa na kan iyakar Faransa da Sifen, bisa zaton cewa sojoji masu gemu ne suka ba Faransawa mamaki, amma masu bin salsalar kalmomi da yawa sun yi watsi da wannan bayani, kuma abin dariyar shi ne hukuncin da suka yanke masa bai wuce cewa an ɗauko shi daga nesa ba.

Wanda ya ɗauko wannan mudu na nisa ya shiga kasuwar maganar Hausawa da shi zai tarar ba da shi ake awo ba. Al'ummar da ta shafe ƙarnoni tana kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, tana tarbar ayarin Azbinawa masu gishirin Bilma, tana sallamar maniyyata su bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa su yi shekaru kafin su ga Ka'aba, ba za ta mai da nisa abin zargi ba, tun da ita ce ta ce tafiya mabuɗin ilimi. Kalmomin da Bahaushe yake muzanta mutum da su a wannan fage sun fi karkata ga wanda bai taɓa fita ba, kamar bagidaje, wanda aka gina sunansa a kan gida, da baƙauye, wanda aka gina nasa a kan ƙauye. Akwai baƙo, wanda daga gare shi ake samun baƙon abu da baƙuwar fuska da baƙuwar cuta, sai dai baƙunta a Hausa bayani ne na cewa ba a saba da abin ba, ba ta ɗauke da tuhumar ƙarya, kuma ai baƙon nan shi ne wanda aka ce annabinka ne. Ba a nufin Bahaushe ya tsira daga raina na waje, domin kalmomi irin su baubauci da gwaranci shaida ne a kansa, kuma marasa daɗin ji ne a wuri irin Doguwa ta kudancin Kano inda Hausawa da Fulani da Kurama suke cin kasuwa ɗaya, amma ko su ɗin harshen mutum suke suka da lafazinsa, ba su taɓa gaskiyar abin da ya faɗa.

Ma'aunin Bahaushe yana bayyana sarai a cikin ƙanzon kurege, wanda shi ne sunan da ya fi yawo a baki ga labarin da ba shi da tushe. Ƙanzo shi ne ɓawon tuwon da yake kamawa a gindin tukunya, wanda uwargida take ɓamɓarewa bayan an kwashe, ta shanya shi a kan faifai ya bushe ƙayau, ta adana shi saboda ranar da za a jiƙa shi a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji. Kafin a kai ga ƙanzo sai an surfa hatsi, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe, an hura wuta, an yi talge, an tuƙa da muciya, an bar shi ya sulala, an kwashe da mara, wato shi ne shaida ta ƙarshe cewa an yi girki a gidan. Kurege kuwa babu manomin gyaɗa a ƙasar Kiru ko Bebeji da bai san shi ba, domin shi ne yake bin layin shuka yana tone iri kafin ya tsiro, ya tsaya a kan ƙafafun baya yana kallon mai gona, sannan ya faɗa rami. Babu ɗaya daga cikin biyun da aka ɗauko daga nesa, ɗaya yana madafa ɗaya yana bayan gari, kuma kowannensu gaskiya ne idan an bar shi shi kaɗai. Ƙaryar gaba ɗayanta tana cikin ɗan harafin mallakar nan da ya ɗaure su, wanda ya ba dabbar da ba ta da murhu abin da ba ya samuwa sai a murhu. Mai cewa labari ƙanzon kurege ne bai ce ya yi girma ko ya yi nisa ba, cewa yake yi an haɗa abubuwa biyu sanannu da igiyar da ba ta wanzu.

Wannan ƙira ta haɗin da bai dace ba ita ce take maimaita kanta a cikin karin maganganun mamaki, inda kalmar "da" take yin aikin da harafin mallaka ya yi a baya. Bambaraƙwai, wato abin da ya zo a karkace har kunne ko ido ya yi tuntuɓe da shi, an fassara shi da namiji da suna Hajara, abin mamaki kuma da kare da tallan tsire, sabon salo da kiran salla da usur. Hajara suna ne mai daraja da yake cikin kowace unguwa, tsire yana kowace tasha, kare yana kowane lungu, amma an ɗora wa kowanne abin da ba nasa ba, kuma a misalin kare har da ƙarin dabara, domin an damƙa amanar nama a hannun wanda aka fi tsoro a kansa. Ko inda nisa ya shigo, kamar a abin da kamar wuya, gurguwa da auren nesa, ba nisan ne abin dubawa ba, rashin jituwar ƙafa da hanya ne. Usur kuwa, da yake aro ne daga Ingilishi da ya shigo tare da 'yan sanda da sojoji da filin ƙwallo, yana nuna cewa ƙirar ba ta tsufa ba, har zamanin Turawa ana zuba sabon ƙarfe a cikinta. A ƙarƙashin duk wannan akwai duniyar da kowane abu yake da muhalli, kowane mutum da sana'arsa da suturarsa da irin sunan da ya dace da shi, kuma a nan ne kalmar take da kaifi biyu, domin da ita ake kama maƙaryaci, da ita kuma ake dakushe duk wanda ya fara abin da iyayensa ba su yi ba, ko da abin alheri ne. Ingilishi ma bai rasa irin wannan ba, tun da "preposterous" a Latin tana nufin an sa na baya a gaba, "absurd" kuma sauti ne da ya saɓa wa kiɗa, amma waɗannan ma'anoni sun nutse a cikin harshen da mai magana ba ya ji, alhali Bahaushe yana ganin karensa da tiren tsiren a ka duk lokacin da ya buɗe baki.

Ma'auni na biyu shi ne nauyi. Inda Bature yake kiran labarin da aka zuzuta dogon labari, yana auna shi da tsayi, Bahaushe cewa yake yi hankali ba zai ɗauka ba, kamar hankalin ɗan dako ne da yake da iyakar abin da wuyansa zai jure. Aikatau ɗin da suke rakiyar ƙarya suna tafiya a kan wannan hoto, domin ana shirga ta ana lafta ta kamar yadda ake yi wa jaki da kaya, ana zabga ta, ana shara ta, ana gilla ta kamar da wuƙa, ana kantara ta idan ta fito a karkace, kuma kowanne yana faɗin wani abu game da ƙarfin halin mai yin ta. Shaci-faɗi ya fi waɗannan sauƙi, shi ne maganar da aka yi bisa kintace ba tare da an tabbatar ba, kuma kunne yana jin shaci a cikinsa, wato zanen da magini yake yi a ƙasa kafin a ɗora tubali ko ɗaya. Soki-burutsu zance ne da ba kai ba gindi, wanda laifinsa rashin tsari ne ko da babu niyyar yaudara, zuƙi-ta-malle kuwa ƙarya ce da aka tsara da gangan aka yi mata ado. Ƙarin gishiri shi ne mafi sassauci, domin ya yarda akwai miya, yawan ɗanɗanon ne ake ƙorafi a kai. Abin lura shi ne yawancin waɗannan kalmomi suna kallon mai maganar ne da abin da ya aikata da bakinsa, ba su tsaya a kan ra'ayin shi kaɗai ba.

Tarihin Kano, littafin Larabcin nan da H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ba da misalin da ya dace da batun nauyi kamar da gayya aka yi, domin ya siffanta Barbushe na Dala da cewa yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ya yi tafiya mai nisa da ita. Mai karatu na yau yana sauke wannan giwa tun a shafin farko, amma yana ɗaukar Bagauda, wanda littafin nan ɗaya ya kawo a matsayin sarkin Kano na farko, har aka sa wa tafkin da ke ƙasar Bebeji sunansa, kuma reshen makarantar horar da lauyoyi da ke can yana amsa wannan suna. Manazarta adabin Hausa sun ƙirƙiro kalmar tarihihi domin irin wannan labari da yake da ƙashin tarihi da tsokar almara, kuma maimaita gaɓar ƙarshe da aka yi a kalmar ya isa ya nuna abin da yake kama da tarihi amma bai cika ba.

Al'adar ta kuma gina wa abin da hankali ba ya ɗauka shinge na musamman, inda yake da 'yancin yin kiwo ba tare da ya shiga gonar kowa ba, wato tatsuniya. Tana da ƙofar shiga, ga ta nan ga ta nanku, da amsar masu sauraro da take zama izini, tana da lokaci, domin da dare ake yin ta har ana tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata, tana kuma da ƙofar fita, inda bayan ƙurunƙus mai bayarwa take cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, sau da yawa ta ƙara da cewa da ma ƙaryar ce. A cikin wannan shinge kurege yana iya tuƙa tuwo ya bar ƙanzo, babu mai tambaya. Saboda haka idan aka ce wa babban mutum a majalisa maganarsa tatsuniya ce, ko almara, ko shifcin Gizo, abin da ake tuhumarsa da shi shi ne ya fito da dabbar dare da rana tsaka, ya kawo zancen ɗakin kaka zauren maza, wanda shi ma wani nau'i ne na ajiye abu a inda ba muhallinsa ba.

Lokacin da wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar rubuta littattafai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, matsalar da aka fuskanta ita ce malamai sun saba ɗaukar rubutu a matsayin ma'ajiyar gaskiya da addini, ga shi ana neman su rubuta abin da bai faru ba, kuma sunan da aka ba wannan fanni daga baya, ƙagaggen labari, ɗan uwan ƙage ne, wato laifin da ake ɗora wa wanda bai aikata ba. Abin sha'awa a littafin Imam shi ne ginshiƙinsa gardama ce a kan abin da ake ganin babu shi: an kunyata liman a gaban fada saboda ya ambaci wani ruwa mai warkarwa da ba wanda ya yarda yana nan, sai Alhaji Imam, tauraron labarin, ya bazama duniya domin ya wanke shi, ya yi shekaru yana yawo, ya komo da ruwan. Wato abin da aka ɗauko daga nesa shi ne ya zama hujjar da ta rufe bakin masu dariya, akasin abin da kalmar "far-fetched" take koyarwa, kuma har yau idan abu ya yi wuyar samu ana cewa ya zama ruwan bagaja, ba a nufin ƙarya ne.

Akwai kuma wani kayan aiki da ya fi duk waɗannan ƙanƙanta da yawan amfani, shi ne "wai", gaɓa ɗaya da mai magana yake sawa a gaban zance ya zare hannunsa daga alhakinsa. Idan aka ce wai an ga zaki a dajin Falgore, an isar da labarin, an kuma sanar da cewa mai isarwa bai sa hannu ba, kuma gwargwadon yadda aka ja muryar gwargwadon shakkar da aka zuba. Daga gare ta aka sami wai-wai, 'yar uwar jita-jita da ƙila-wa-ƙala, wadda ita kuma aro ce daga Larabci mai nufin an ce da ya ce. Amfanin irin wannan kalma yana fitowa ne idan aka dubi wanda ake magana da shi, domin a Hausa ƙaryata mutum ya danganta da matsayinsa. A teburin mai shayi a Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta Tudun Wada take rabuwa da ta Zariya, direban da ya ratso dajin Falgore da dare yana iya ba da labarin abin da fitilarsa ta haska, sa'ansa ya katse shi da cewa, "Haba malam, gishirin ya yi yawa, a rage mana." Idan dattijo ne ya ba da labarin nan ɗaya, saurayin da bai gaskata ko kalma ɗaya ba zai sunkuyar da kai ya ce, "Ikon Allah, Baba," idan kuma hakimi ne sai a ce, "Ranka ya daɗe, abin da mamaki." Jika ne kaɗai, ko taubashi, wasan da ke tsakaninsu ya ba shi damar ya dubi tsoho ya ce, "Yau kuma wacce ka gilla mana?" a yi dariya a wuce. Baƙon da ya koyi Hausa a littafi zai ɗauka saurayin nan ya yarda, alhali kowa a wurin ya ji hukuncin da ya yanke.

Sai dai "ikon Allah" ba mafakar ladabi ba ce kawai, tana da tushe a karatun zaure. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya san cewa hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi, wanda hankali ba ya sawwala rashinsa, da mustahili, wanda ba ya sawwala samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. A wannan tsari ƙunar wuta da yankan wuƙa al'ada ce da Allah ya gudanar, ba tilas ba ce ta hankali, saboda haka abin da ya keta al'ada bai zama mustahili ba, yana cikin faffaɗan filin ja'izi. Wannan ne ya sa al'ajabi, wanda aka aro daga Larabci, yake da wani nauyi da mamaki ba shi da shi, domin mamaki yana iya ƙarewa da tsaki, al'ajabi kuwa da tasbihi yake ƙarewa. Tambayar da malami yake yi game da abin da ya keta al'ada ita ce daga hannun wa ya fito: idan annabi ne mu'ujiza ce, idan waliyyi ne karama, idan fasiƙi ne istidraji, wato talalar da ake yi wa mai saɓo, idan boka ne sihiri, idan kuma ɗan wasan kasuwa ne siddabaru ko rufa-ido. Kudancin Kano ya ga yadda wannan rabe-rabe yake zama siyasa a labarin Malam Hamza, wanda ya bar Tsakuwa wajen 1846 bayan saɓani da masarauta a kan kuɗin ƙasa, ya shiga duwatsun Ningi da ke gabas da Falgore, inda ruwayoyin baka suke cewa abubuwan al'ajabin da ya nuna ne suka jawo masa biyayyar mutanen wurin. Abin da mabiyansa suka ɗauka baiwa ce, garuruwan da magadansa suka yi shekaru suna kai wa hari ba za su kira shi da wannan suna ba. Ingilishi ya taɓa samun irin wannan ƙofa a kalmar "weird", wadda asalinta ƙaddara take nufi, kuma da wannan ma'ana Shakespeare ya kira matan nan uku na wasan Macbeth, amma a bakin matasan yau ta zama abin da ake faɗa wa takalmin da bai yi kyau ba.

Raunin ma'aunin dacewa shi ne yana dogara da abin da aka saba gani, shi kuwa sabo yana canzawa. Kafin 1970, a ƙasar Bebeji da maƙwabtanta, shekarar manomi ta kasu gida biyu da ba sa haɗuwa: damina ta noma, rani kuma na gyaran ɗaki da biki da tafiya cin rani, in ban da 'yan fadamun da ake ban ruwa da jigo, wato doguwar sandar nan mai guga a kai ɗaya da nauyi a ɗaya kan. Manomin tudu da koren fili a watan bazara zai iya shiga layin kare da tallan tsire ba tare da an gyara masa komai ba. Tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka datse Kogin Kano a Tiga, aka tara ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, aka ja shi ta magudana zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sai alkama, wadda a da ake nomawa kaɗan-kaɗan domin alkaki da taliyar masu hali, ta zama amfanin gona na fili, tumatir da shinkafa suka bi bayanta. Noman rani ya zama kalmar yau da kullum, har babu mai jin karon da ke tsakanin gaɓoɓinta biyu. Can ƙasan kogin kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, aka sami wani haɗin da shi ma da an faɗe shi a da za a ce bambaraƙwai ne, wato masunci da neman ruwa.

Harshen kansa cike yake da irin waɗannan gawarwakin mamaki. Jirgi a asali na ruwa ne, abin da ake fafewa daga gungumen itace a tuƙa da filafili, saboda haka lokacin da dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da kuma lokacin da jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano a 1925 aka ce jirgin sama, an yi amfani ne da ainihin ƙirar ƙanzon kurege, an ɗaure abin ruwa da tudu, an ɗaure shi da iska, da ɗan harafin mallakar nan ɗaya. Dokin ƙarfe da wayar iska duk haka suke. Bambancin kawai shi ne waɗannan sun zo an gan su, gani kuwa ya kori ji, har ta kai yanzu sai an ce jirgin ruwa kafin a gane ana nufin na asalin.

A ƙarshen kudancin Kano, cikin duwatsun Riruwai, hedikwatar Doguwa, akwai wurin da ma'anar farko ta kalmar "far-fetched" ta taka ƙasar Hausa da ƙafarta. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna wanke kuza daga yashin rafi, su narka ta a matoya, su zuba ta a siraran ramukan da aka yi da tsinken ciyawa, ta daskare ta fito kamar tsinkayen azurfa, a ɗaure ta dami-dami fatake su kai kasuwannin Kano da wasu garuruwa, inda maƙeran fari suke amfani da ita. Waɗannan tsinkaye ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja a kasuwannin bakin Binuwai, suka zama musu haja daga nesa a ma'ana ta zahiri, kuma maimakon su yi tsaki sai suka bi sawunta, har kamfanin ya tura masu bincike a 1902 da 1903 suka kai ga filayen kuza na tsaunukan Bauci da Jos. Da kamfanoni suka karɓi lasisin haƙa, narkar gargajiya ta durƙushe, jikokin masu matoya suka koma leburori a ramukan wasu, kuza kuma ta riƙa bin dogo zuwa teku, a narka ta a Ingila, a shafe farantan ƙarfe da ita domin kada su yi tsatsa. Irin wannan ƙarfe ne yake komowa kasuwar Tudun Wada da ta Daɗin Kowa a siffar gwangwanin madara da na kifi, ana sayensa da daraja saboda kayan waje ne, idan an shanye kuma mai koko ta mai da shi ma'aunin gero, ko maƙeri ya huda murfinsa ya sa lagwani ya zama aci-balbal.